Rumbun Ikilisiya: Yadda Za a Kai wa Gwauraye da Marayu Hatsi a Lokacin da Suke Bukata

A yawancin majami'unmu na karkara, taimakon matalauta a watan Disamba yake zuwa. Kirsimeti na gabatowa sai a kira gwauraye gaban jama'a, a miƙa wa kowace mudun shinkafa da falle ɗaya na atamfa, a ɗauki hoto, a yi waƙa, a watse. Ban ce aikin banza ba ne. Sai dai a Disamba ko gwauruwar da ba ta da kowa ba ta rasa ɗan hatsi a ɗaki, tunda ba a daɗe da girbi ba, masara kuma tana arha. Yunwa a Yuli da Agusta take, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, farashi ya hau. A daidai lokacin kuwa asusun ikilisiya ma a bushe yake, domin masu ba da baikon su ma taki ya kwashe abin hannunsu.

Ni 'yar Zumuntar Mata ce a wata ikilisiya ta ƙasar Lere, kusa da Saminaka, inda masara ce babban abin nomanmu. Ɗaya daga cikin mabuɗan rumbunmu yana hannuna. Zan faɗi yadda ake kafa irin wannan rumbu, a tara da kaka, a raba da damina, ba tare da an tona wa kowa asiri ba.

Ba zan daɗe a kan ko wajibi ne ba, domin duk wanda ya girma a makarantar Lahadi ya sani. Yakubu 1:27 ta sa kula da marayu da gwauraye cikin ainihin ibada. A Matiyu 25, daga aya 31, tambayar da Ubangiji zai yi a ranar shari'a ta abinci ce, da ruwa, da sutura, da baƙo, da mara lafiya, da ɗan kurkuku. Abin da ba a cika wa'azi a kansa ba shi ne, Littafi Mai Tsarki bai tsaya ga cewa a ji tausayi ba, har tsarin aikin ya shimfiɗa. Littafin Firistoci 19:9-10 ya hana mai gona girbe gefen gonarsa da yin kalar abin da ya zube, domin rabon matalauci da baƙo ne, kuma da wannan doka ce Rut ta ciyar da surukarta daga gonar Bo'aza. Maimaitawar Shari'a 14:28-29 ta ce kowace shekara ta uku a tara zakkar amfanin gona a ajiye cikin gari, don Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa. Ajiya ke nan, a wuri sananne, da lokacinta, da masu ita.

Fara da mutane, ba da buhuna ba

Kafin ƙwayar masara ɗaya ta shigo, a zaɓi waɗanda za su riƙe aikin. Mutum biyar sun isa, kuma ni a ganina uku su zama mata. Dalili shi ne mace ce take shiga har madafa. Dattijo zai tsaya a ƙofar gida a gaisa, a ce masa lafiya lau, ya juya da lafiya lau ɗinsa. 'Yar'uwa mace kuwa za ta shiga neman garwashi ta ga murhun ya yi kwana biyu da sanyi.

A duba harshe da dangi wajen zaɓen. Rikicin farko da aka rubuta a ikilisiyar Urushalima, a Ayyukan Manzanni 6, na rabon abinci ne: masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon yau da kullum. Manzanni ba su ce a yi haƙuri a ci gaba da addu'a ba. Sun sa jama'a ta zaɓi mutum bakwai, kuma dukansu bakwai ɗin, su Istifanas da Filibus, sunayen Helenawa gare su. A nan wajenmu akwai Kurama, da Gure, da Kahugu, da waɗanda aiki ko gudun hijira ya kawo, duk a benci ɗaya. In 'yan kwamitin duk gida ɗaya suka fito, ko da adalci suka raba ba za a yarda ba.

Baba Fasto ya sa albarka, ya ba da shawara, amma kada a ba shi mabuɗi. Wannan kāre shi ne. Duk wanda ke cikin matsi ƙofar fasto yake fara bugawa, da dare ma, shi kuma ba zai iya cewa a'a ba. Kafin Yuni rumbun ya zama wayam, a kuma koma ana zarginsa. A sa kwaɗo biyu a ƙofa, mabuɗan a hannun mutum biyu da ba gida ɗaya suke ba, littafin lissafi kuma a hannun na uku. Manzo Bulus da kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba. A 2 Korantiyawa 8:18-21 ya tafi da ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa, don kada a sami abin faɗa. In Bulus ya nemi shaida, ma'ajin ƙauyenmu ba zai ji haushin kwaɗo na biyu ba.

Gano su wane ne

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake yawan yin kasala. Hanya mafi sauƙi ita ce a yi sanarwa ranar Lahadi cewa mabukata su rubuta suna. Kada ku yi haka. Masu baki za su cika takardar, masu kunya kuwa, waɗanda su ne yunwar ta fi ci, za su fita ta ƙofar baya.

Sai an bi a hankali. Ku saurari mai injin niƙa, domin ya fi kowa sanin gidan da aka rage tuwo: ya san wadda da take kawo tiya guda, yanzu rabin mudu, da wadda ya daina gani gaba ɗaya. Ku lura da wadda ta sayar da akuyarta a watan Yuni, da yaron da kullum lokacin cin abinci yake bayyana a gidan maƙwabta, da 'yar'uwar da ta daina zuwa sujada ba ciwo ba faɗa. Sau da yawa baikon da za ta jefa ne babu, ko zanen fita ya mutu. Akwai wata tsohuwa da aka ga tana sayen dusa a bakin inji, tana cewa ta akuya ce. Maƙwabciyarta ta san tun bazara ba akuya a gidan. Tankaɗe dusar take yi ta dama wa jikoki kunu, ta haɗa da tafasa da rama. Wannan ko shekara za a yi ana sanarwa ba za ta ɗaga hannu ba.

Ku lura da maza kuma. Magidancin da kuka gani yana ƙwadago a gonar wani a tsakiyar Yuli, tasa gonar ciyawa ta rufe, ba rago ba ne. Abin da za a ci yau yake nema, saboda haka ya bar firi, wato noman farko, ya wuce, maimai, wato na biyu, shi ma ya wuce, da kaka ya girbe rabin abin da ya kamata, baɗi kuma hatsinsa ya riga na bana ƙarewa. Tiya goma a lokacin da ya dace tana iya tsinke wannan zagayen, buhu guda a Disamba kuwa ba zai taɓa shi ba.

A rubuta gidajen a littafi, kowanne da yawan bakin da ke ci, a kuma ba shi lamba. Sunaye su tsaya tsakanin 'yan kwamiti. Duk rahoton da zai fita, lamba ce za ta fita.

Kafin a rufe littafin a yi tambayar da Bulus ya yi a 1 Timoti 5: ina 'ya'ya da jikoki? Ya ce su fara ɗaukar nauyin iyayensu, kada a ɗora wa ikilisiya, don ta iya kula da waɗanda ba su da kowa. In tsohuwa tana da ɗa mai albashi a Kaduna ko Abuja, dattijo ɗaya ya kira shi a waya, ba da faɗa ba, ya gaya masa halin da ake ciki. Wani bai sani ba, domin uwar ba ta faɗa masa. Wani ya sani. Ko wanne ne, ba a barin tsohuwa da yunwa ana jiran ɗanta ya shiryu. A ba ta, a ci gaba da kiransa.

Tarawa

Ranar godiyar kaka buhuna sukan cika gaban majami'a. Abin da ke biyo baya a wurare da yawa shi ne gwanjo: a sayar nan take, a lokacin da masara ta fi kowane lokaci arha, a zuba kuɗin a gini. Ɗan kasuwar da ya saya ya ɓoye, a Agusta gwauruwarmu ta je ta saya a wurinsa da tsada. Wannan lissafin bai taɓa yi mini daidai ba.

Ku kai magana gaban dattawa tun kafin girbi, a amince da kason da zai shiga rumbu, magatakarda ya rubuta. Mu ɗaya cikin biyar muka roƙa, muka kafa hujja da shawarar da Yusufu ya ba Fir'auna a Farawa 41:34. Ko ɗaya cikin goma aka ba ku, ku karɓa, muddin an rubuta. Alkawarin baki yakan narke da zarar an fara maganar kwanon rufi.

Ku nemi hatsi fiye da kuɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 kowa ya ga yadda naira take zubewa a hannu. Kuɗin da zai sayi buhu a Nuwamba ba lallai ya saye shi a Yuli ba. Ma'aikata masu albashi su ba da kuɗi, amma a juya shi hatsi a kasuwar Saminaka tun da kaka. A haɗa da wake da waken soya, ko kaɗan ne, saboda yara.

Kada a raina ƙaramin hannu. A jihar Mizoram ta Indiya, tun 1910 matan ikilisiya suke ware shinkafa cikin hannu ɗaya duk lokacin da za su ɗora tukunya, su tara su kai majami'a, kuma har yau ana yi. Mu ma kowace 'yar Zumunta tana da ɗan kwano a gefen murhu, ana juyewa ranar taronmu na mako. Wani amfaninsa shi ne gwaurayen da ake taimaka wa su ma suna zubawa da kaka. Wadda ta zuba a Nuwamba ba ta jin nauyin karɓa a Agusta.

Za a sami mai kawo ruɓaɓɓen hatsi, shara-sharan da ya rage a masussuka. A karɓa da fara'a a gaban jama'a, a ware shi gefe, daga baya a same shi shi kaɗai. Annabi Malakai ya riga ya yi maganar masu kawo gurguwar dabba da makauniya hadaya. Masarar da ta yi fumfuna ba a ba kowa, domin tana iya kasancewa da dafin da ke lalata hanta, dafuwa kuma ba ta kashe shi.

Ajiya

Wata takwas hatsin zai yi a ɗaki, saboda haka a nan ake cin riba ko a yi asarar komai. Sharaɗi na farko bushewa. A ciji ƙwaya: in ta fashe ƙaras, ta bushe, in haƙori ya nutse, a mayar da ita rana. Wanda yake so ya tabbatar ya sami busasshiyar kwalba, ya zuba hatsi da busasshen gishiri, ya rufe ya girgiza, ya bar ta ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran laima.

Mu buhun PICS muke amfani da shi, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da shi, tun asali don wake, amma yana riƙe masara da dawa. Ba a sa masa magani. Iska ce ba ta shiga, sai ƙwarin da ke ciki su mutu. A duba ledar kada ta kasance da huda, a matse iska, a ɗaure ta ciki ita kaɗai, sannan ta biyu, sannan buhun waje. Bayan nan ba a buɗewa sai ranar rabo, domin kowace leƙawa iska ce sabuwa ga ƙwaro. A jera buhunan a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango, saboda laima da gara. A toshe ramin ɓera, domin huda ɗaya ta gama da ledar.

Ina roƙonku da babbar murya, kada a yayyafa wa hatsin marayu maganin feshin gona. Wannan ɗabi'a ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015. Abin da aka ƙi saye a waje saboda guba bai kamata ya shiga cikin yaron da dama jikinsa ba ƙwari ba.

Nawa, kuma yaushe

Buhun masara yana cin tiya 40 ko kusa da haka. Gida mai mutum shida yana cin kamar tiya ɗaya a yini. Rumbun ikilisiya ba zai ɗauki dukan cin gida ba, cikawa yake yi, saboda haka mu rabi muke lissafawa: tiya 30 ga gida ɗaya a wata biyu. Gida goma ke nan tiya 300, wato buhu bakwai da rabi. Ikilisiya mai mutum ɗari da ke noma ba za ta ce wannan ya fi ƙarfinta ba. Mudu da tiya sun bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, don haka a auna buhu ɗaya da kwanon da za a yi rabo da shi, a tsaya a kan wannan kwanon.

A buɗe rumbu lokacin noman farko ga gidajen da maigida ko uwargida ke tafiya ƙwadago, sauran kuma daga Yuli. A rufe idan sabuwar masara ta fara shiga tukunya. A ware buhu ɗaya ko biyu da ba a taɓawa, saboda gobara, ko rasuwa, ko 'yan'uwan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu suka iso da kayan jikinsu kaɗai.

Kada a ba da buhu sukutum. A riƙa kaiwa duk mako biyu. Buhu a ɗakin gwauruwa kowa yana ganinsa: mai bin bashi zai zo, ƙanin miji zai zo, ita kuma ba za ta iya hana su ba. Ƙullin da zai shiga ƙarƙashin gado ba mai sanin da shi. A haɗa da kuɗin niƙa, wanda kusan kullum ake mantawa. Tsohuwar da ba ta iya ɗaga taɓarya, in an ba ta masara ba kuɗin inji, sai ta sayar da kashi ɗaya don ta niƙa sauran. Ɗan gishiri da daddawa da manja ma suna da amfani.

Yadda ake miƙawa

Matiyu 6:3 ta ce kada hannun hagu ya san abin da na dama yake yi. Ban san yadda za a haɗa wannan aya da hoton gwauruwa riƙe da leda a Facebook ba. 'Ya'yanta suna makaranta da yaran da za su ga hoton. In masu ba da gudummawa daga birni suna son shaida, a ɗauki hoton buhuna da na littafi.

Da yamma ake zuwa, mutum biyu, kamar gaisuwa. Matashin da ya ɗauko kayan a babur ya ajiye a zaure ya koma. A zauna a gaisa sosai, a tambayi ƙafa, a tambayi yara, kafin a ce, "Mama, Zumunta ce ta aiko mu mu gaishe ki. Ga ɗan abin kunun yara." Za ta ce, "Haba 'ya'yana, har da wahala haka?" Sai a ce, "Ba wahala, Mama, naki ne. Ke ma ai kin zuba." In ta so a yi addu'a, a yi, gajeriya. Kada a mai da ziyarar wa'azi, kada kuma a tambaye ta dalilin da ba a ganta a sujada ba. Gidan gwauruwa mai ƙuruciya mata ne kaɗai suke zuwa. Dattijo, komai tsarkinsa, kada ya je shi kaɗai da dare da ƙulli a hannu, saboda sunanta da nasa.

Namiji ya fi wuyar karɓa. Dattijo ɗan'uwansa ne zai same shi a gona, ya ce, "Ɗan'uwa, ga wannan ka riƙe, ka zauna ka yi noman gonarka. In Allah ya kai mu kaka, abin da ka iya ka zuba a rumbu." Ba a rubuta shi bashi, ba a kuma bin sa. Da yawa sukan dawo da fiye da abin da suka karɓa.

Za a kawo muku maganar mashayi. Wani zai karanto 2 Tasalonikawa 3:10, cewa wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Ayar wanda ya ƙi ta ce, ba wanda ya rasa ba, kuma ba ta ambaci matarsa da 'ya'yansa ba. A ba matar a hannunta, a niƙe, kaɗan-kaɗan, yadda ba zai kai gidan burkutu ba. Dattawa su ji da shi.

Maƙwabtanmu Musulmi fa, da Fulanin da ke bayan gari? Galatiyawa 6:10 ta ce a yi wa kowa alheri, musamman 'yan'uwa masu bi. Akwai na farko, amma ba a rufe ƙofa ba. Mukan ware kaso, mu bi ta hannun maƙwabciya ko mai unguwa. Sharaɗi ɗaya: ba a haɗa shi da gayyata zuwa majami'a. Hatsin da aka ɗaura wa sharaɗi ciniki ne, mai karɓa kuma ya san haka. Su ma suna da zakka da sadaka, kuma tuwon sallarsu yana shigowa gidajenmu ba tare da an tambaye mu komai ba.

Ido ɗaya kuma a kan yara. In kun ga ƙafa ta kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, yaro ya daina wasa, wannan tamowa ce, ta wuce abin da tuwo zai gyara. A kai shi asibiti a ranar, kuɗin mota daga asusu.

Abin da hatsi ba zai yi ba

Rumbu yana tsare rai ne zuwa kaka. Abin da ke rage sunaye a littafin baɗi daban ne. Na farko aikin gayya: matasa da mawaƙa su ɗauki safiyar Asabar ɗaya a lokacin firi, ɗaya a lokacin maimai, su nome gonar gwauruwa. Su zo da ruwansu da abincinsu, kada a bar ta da nauyin ciyar da mutum ashirin. Na biyu akuya. A ba gida uwar akuya. Cikinta wata biyar ne, in ta haihu ta yaye, 'ya'yan na gidan ne, uwar ta wuce gida na gaba. Fulani sun daɗe suna yi wa junansu irin wannan aro da saniya.

Na uku ya fi ɗaci. Da yawa daga cikin gwaurayenmu ba talakawa ba ne ranar da mijin ya rasu. Bayan an share makoki ne 'yan'uwan miji suka karɓe gona, wani lokaci har da ɗaki da babur, kuma wasunsu a majami'ar nan suke ɗaukar baiko. Yesu ya yi magana mai zafi a Markus 12:40 a kan masu cinye gidajen gwauraye suna doguwar addu'a. In ikilisiya tana kai wa mace tiya biyar alhali gonar da za ta ba ta buhu goma tana hannun ɗaya daga cikinmu, ba mu yi komai ba. Dattawa biyu da Baba Fasto su zauna da dangin tun a makon rasuwa, kafin a raba komai, a faɗi abin da ya zama na marayu a gaban mai unguwa, a rubuta. In ta kai ga zuwa gaban hakimi ko kotu, kada a bar ta ta tafi ita kaɗai.

Haka kuma mai hali da ke kawo buhu uku ranar godiya, amma yana ba da buhu ɗaya da damina a biya shi biyu da kaka, ko yana riƙe kuɗin 'yan ƙwadago sai ya ga dama. Fitowa 22:25 ta hana karɓar ruwa a hannun matalauci. Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta ce a biya ma'aikaci kafin rana ta faɗi, Yakubu 5:4 kuma ta ce hakkin masu girbin da aka danne yana kuka. Faɗa wa irin wannan mutum gaskiya ba aikin kwamitin rumbu ba ne, na dattawa ne, amma kwamitin ne ya san gidajen da bashinsa ya durƙusar, kuma dole ya kai maganar.

Bayan damina

A watan Oktoba magatakardan kwamiti ya tashi a gaban ikilisiya ya karanta: buhu nawa suka shigo, nawa suka fita, gida nawa aka kai wa, nawa ya lalace, nawa ya rage. Ba suna ko ɗaya. Mutum biyu da ba 'yan kwamiti ba su shiga ɗakin ajiya su ƙirga da idonsu, su sa hannu. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, kuma shekarar da aka karanta lissafi dalla-dalla ita ce shekarar da buhunan kaka suke ƙaruwa.

Abin da ya rage kada ya kwana biyu a rumbu. A raba shi, ko a musanya da sabo. A share ɗakin, a shanya ledojin a duba huda, waɗanda suka fashe a maye gurbinsu kafin girbi. A sake bin littafin gida-gida, domin wani ya samu sauƙi, wata kuma mijinta ya rasu a cikin shekarar. A sauya mutum ɗaya ko biyu a kwamitin, don kada aikin ya zama gadon wani.

Ikilisiyar birni da ba ta da manoma, a Kaduna ko Jos ko Kano, ta nemi wata ta karkara su haɗa hannu: birni ya aiko kuɗi a Nuwamba, ƙauye ya saya ya ajiye, a Yuli a raba biyu, rabi ya zauna, rabi ya hau mota. A sa kuɗin motar da na ledoji cikin lissafi tun farko, a kuma rubuta wanda zai karɓi kayan a tasha.